Fentin da Habila Ya Shafa wa Teburinsa

A wani gari a gindin duwatsu, inda a da ake haƙar kuza, akwai wani mutum mai suna Habila. Shekara talatin ya yi yana tuƙin mota. Da idanunsa suka fara gajiya da hanya, sai ya ajiye makulli ya dawo gida, ya ce wa matarsa Dinatu shi kam ba zai zauna a ƙofar gida yana korar ƙudaje ba. Zai koma sana'ar mahaifinsa, wato walda.

Mahaifin ya daɗe da rasuwa, amma ya bar masa abu ɗaya: wani tsohon injin walda da ya saya tun lokacin da kamfanin kuza ya tashi. Injin nan ba irin na yanzu ba ne da mutum zai rataya a kafaɗa. Ƙato ne, kore, mai ƙafafun ƙarfe huɗu, sai ƙarti huɗu sun taru kafin su ɗaga shi. Cikinsa jan ƙarfe ne zalla a naɗe, kwance a cikin mai. A gabansa akwai hannu da ake juyawa a ƙara wuta ko a rage, da wani ɗan allon tagulla wanda rubutunsa ya kusa shafewa. In an kunna shi sai ya riƙa wani gunji a hankali, kamar ƙudan zuma a kogon itace. Habila yana ƙaunar injin nan ƙwarai. Ko baƙo ya zo gaisuwa, sai ya ja shi rumfar bayan gida ya nuna masa, ya ce a taɓa a ji kaurin ƙarfen, a gaya masa in har yanzu ana ƙera irinsa.

Akwai wani ɗan gwangwan, cikin masu sayen tsofaffin ƙarafa, da ya daɗe da sa wa injin ido saboda jan ƙarfen da ke cikinsa. Duk wata sai ya biyo da amalankensa ya tambaya ko Baba ya canza shawara. Duk wata kuma Habila yakan kore shi.

To, injin walda waya biyu gare shi. Ɗaya tana riƙe da sandar da ke narkewa, ɗayar kuma ana maƙala ta a jikin ƙarfe domin wutar ta sami hanyar komawa. Mahaifin Habila a ƙasa yake aikinsa, a tsugune, ya maƙala waya ta biyun a wani guntun ƙarfe mai tsatsa, ya ɗora aikin a kai. Haka Habila ya gani tun yana saurayi, haka ya koya. Hannunsa ya iya, amma bai taɓa tambayar dalilin komai ba.

Yanzu kuwa gwiwoyinsa ba sa yarda da tsuguno. Sai ya ce zai ƙera tebur. Ya nemo ƙarafa masu kauri, ya samo faifan ƙarfe daga jikin wata tsohuwar tifa, ya auna, ya yanka. Mako biyu yana tsugune yana cije baki, tsohon injin yana ba shi wuta yadda yake so, har teburin ya miƙe a kan ƙafafunsa. Tebur kam ya yi kyau, ba a cewa komai. Ko giwa ta hau ba zai motsa ba.

Da ya tsaya yana kallonsa, sai ya tuna damina ta ƙarato, rumfar kuwa tana ɗan yoyo. Ya ce wannan aiki duka tsatsa ta zo ta ci? Ina! Ya sayo fenti kore irin na injin, ya shafe teburin sama da ƙasa, ƙafafu da kusurwoyi, bai bar ko wurin da ƙuda zai sauka ba. Da ya bushe ya ƙara. Da wannan ya bushe ya sake ƙarawa. Dinatu ta leƙo ta ce ita ko ranar aurenta ba a yi mata irin wannan kwalliya ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo suna yabawa, Habila kuwa bakinsa har kunne.

Ana nan sai ruwan farko ya sauka. Ranar Litinin da safe wani dattijo manomi, Baba Gayus, ya turo garmarsa ta shanu a baro, wuyanta ya karye. Ya ce kowa ya shiga huɗa, shanun da zai yi aiki da su kuma na wani ne, ranar Jumma'a kaɗai aka ba shi. In ranar ta wuce shi, gonar ta wuce shi ke nan bana. Habila ya bugi ƙirji ya ce ya dawo gobe ya ɗauka.

Ya ɗora garmar a kan sabon teburin. Ya maƙala waya ta biyu a ƙafar teburin, ya kunna injin, injin ya yi gunjinsa kamar kullum. Ya sa gilashi a fuska, ya goga sandar a jikin garmar. Shiru. Ya sake gogawa. Ko tartsatsi ɗaya babu.

Da farko bai damu ba. Ya ce sandunan ne suka sha sanyi, ya kai su kusa da murhun Dinatu suka bushe, ya gwada, babu. Ya ce ai wutar gari ce ba ta da ƙarfi, ya jira har rana ta take, babu. Ya juya hannun injin har ƙarshe. Ya buɗe ya duba mai, mai yana nan. Ya kwance bakin wayoyin daga jikin injin ya goge ya mayar. Injin yana ta gunji, amma ya ƙi ba da wuta. Nan fa gabansa ya fara faɗuwa.

Talata Baba Gayus ya zo, aka ce ya dawo gobe. Laraba ya zo, ya zauna a kan dutse a bakin rumfar, ya dubi garmarsa, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya tashi ya tafi. Da ma zagi ya yi, da Habila ya fi samun sauƙi. Tuwo ya ƙi shiga bakinsa. In ya zauna sai ya miƙe, in ya miƙe sai ya koma rumfar ya sake goga sandar, ko Allah zai sa. Abin da yake tsoro shi ne abin da ya kasa furtawa: injin mahaifinsa ya mutu, kuma a hannunsa ya mutu.

Dinatu ta ce masa ya kira Tanko mana ya duba. Shi Tanko a hannun mahaifin Habila ya koyi walda, yanzu shi ma ya yi furfura, yana da shagonsa a bakin kasuwa. Habila ya ɓata rai. Ya ce shi ɗan mai sana'ar ne zai je ya durƙusa wa wanda ya koya a gidansu, a ji a gari cewa ya ƙera tebur ya kasa aiki a kai? Ya ce ba abin da Tanko zai gani wanda shi bai gani ba. Tsohon abu ne, kwanansa ya ƙare, shi ke nan.

Ranar Alhamis da safe sai ga ɗan gwangwan da amalankensa, kamar an aike shi. Ya yi tambayar da ya saba. Wannan karon Habila bai kore shi ba. Ya lissafa a ransa cewa in ya sayar, zai ruga kasuwa ya sayo ƙaramin inji irin na zamani, ya gama garmar kafin magariba, ba wanda zai ji labari. Dinatu ta tsaya a bakin rumfar ta ce, “Maigida, ka bari ko mutum ɗaya ya duba shi tukuna.” Bai ko kalle ta ba. Aka kira ƙarti suka ɗora injin a amalanke. Ya bar tabon mai a ƙasa inda ya yi shekaru yana zaune.

A kasuwa kuwa abin da aka ba shi bai kai ko ƙaramin injin ba. Ya zaga shago uku, ya fito gumi yana keto masa. Gobe Jumma'a. Ba yadda ya iya, sai ga shi a ƙofar shagon Tanko, wurin da ya yi kwana uku yana gudu. Ko a nan ma bai faɗi gaskiya duka ba, cewa ya yi injinsa ya ɗan sami matsala, a taimaka masa da aro.

Tanko bai ja magana ba. Ya ɗaure ƙaramin injinsa a bayan babur, suka taho tare. Ya shiga rumfar, ya haɗa wuta, ya maƙala wayarsa a ƙafar teburin daidai inda Habila yake maƙala tasa, ya goga sanda a jikin garmar. Shiru.

Habila ya dubi injin Tanko. Wannan injin sabo ne, da safen nan aka yi aiki da shi. In shi ma ya ƙi, to, ashe ba inji ba ne.

Tanko ya cire gilashinsa, ya shafa saman teburin da babban yatsa, ya sunkuya ya dubi ƙafar. Ya ce, “Yaya Habila, wa ya yi fentin nan?” Habila ya ce shi ne, har shafi uku. Tanko ya girgiza kai, ya ce a ba shi magagari. Ya kankare ƙafar teburin, wuri kaɗan da bai fi faɗin kwabo ba, har farin ƙarfe ya fito. Ya kankare saman inda garmar za ta zauna. Ya mayar da waya, ya taɓa sandar. Nan take wuta ta tashi, tartsatsi ya cika rumfar.

Ya ce, “Wuta ba ta bi ta cikin fenti. Dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Baba bai taɓa shafa wa guntun ƙarfensa komai ba, ka manta?” Sannan ya waiwaya ya dubi tabon man da ke ƙasa, ya tambaya ina injin Baba. Kafin ya rufe baki Habila ya kai ƙofar gida.

Mutumin da gwiwoyinsa ba sa tsuguno, ran nan gudu ya yi. Yana tafe yana roƙon Allah ya sa ba su taɓa shi ba, ya sa aiki ya yi musu yawa, ya sa sun tafi cin abinci. Da ya isa filin 'yan gwangwan, abin da ya fara gani shi ne koriyar gangar injin a kife, mai yana tsiyaya cikin ƙasa. A gefe ga jan ƙarfen an sassare shi da kurfin yanka ƙarfe an tara, yana ƙyalli, ko tabon ƙuna babu.

Ɗan gwangwan ya taso yana goge hannu. Ya ce, “Baba, ai injin nan lafiyarsa ƙalau. Mun gwada shi kafin mu fasa, wuta kamar me. Har na yi mamaki da ka sayar.” Ya ƙara da cewa ba mai sayen mai nauyi irin wannan yanzu, jan ƙarfen ne abin nema.

Habila ya roƙa a cire masa ɗan allon tagullar nan, aka cire aka ba shi. Da ya koma gida ya tarar Tanko ya gama garmar, Baba Gayus ya tura abarsa ya tafi. Dinatu ta dubi abin da ke hannunsa, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ruwa ta kawo masa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali, ku kasa kunne. Tsohon injin nan shi ne bangaskiyar da muka karɓa daga waɗanda suka riga mu, da ikon Allah da ke cikinta. Ikon nan bai tsufa ba, bai kuwa rage ba. Teburin shi ne zuciyarka da tawa. Fentin kuwa shi ne duk abin da muke shafa wa kanmu don a gani a yaba: kyakkyawar riga ranar Lahadi, doguwar addu'a a gaban jama'a, da “lafiya lau” da muke amsawa alhali gida yana ci da wuta. Ku lura fa, Habila ba da mugunta ya yi fentin ba. Tsoron tsatsa ne. Mu ma tsoron kada a ga tsatsarmu ne yake sa mu shafa, mu ƙara, mu sake ƙarawa, har ba sauran wurin da Ubangiji zai taɓa.

Sai ranar bukata ta zo, mu yi addu'a mu ji shiru. Maimakon mu dubi kanmu, sai mu ce bangaskiyar ce ta tsufa, ta iyayenmu ce, ba ta aiki a zamanin nan. Tanko shi ne ɗan'uwan nan da kake jin kunyar gaya masa halin da kake ciki, wanda da ka kira shi ran Litinin, da magana ta ƙare ran Litinin. Ɗan gwangwan kuwa kun san shi. Ba ya gajiya da zuwa, ya kuma fi ka sanin darajar abin da yake so ka sayar masa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, a cikinmu nan akwai wanda yau yake ranar Larabarsa. Ka gwada, ka gwada, ka ji shiru, ka fara tunanin ajiye abin gaba ɗaya. Ina roƙonka, kada ka sayar tukuna. Ka durƙusa ka faɗa wa Allah gaskiyar abu ɗaya da ka daɗe kana rufewa, ba tare da kwalliya ba. Ka nemi ɗan'uwa ɗaya ka gaya masa. Kankarewa da zafi, wurin kuma ba zai yi kyaun gani ba, amma ta nan wutar take bi.

Habila ya kankare saman teburinsa tas daga baya, ya kafa allon tagullar a jikin ginshiƙin rumfar. Har yau in baƙo ya tambaye shi me ya kashe injin mahaifinsa, yakan ce ba abin da ya kashe shi, da ransa ya miƙa shi. Shi ya makara da rabin yini. Kai naka yana nan a rumfa, yana gunji, yana jiranka.