Wa Ya Bar Rijiya a Buɗe?

Daga cikin bayin Allah na gari da aka yi a Bauchi akwai wani Modibbo a Ƙofar Dumi, masanin fiƙihu da tafsiri, mai tsentseni da ƙarancin magana, Allah Ya ƙara masa yarda. Karamominsa suna da yawa, amma ba wadda take motsa zuciya kamar ta Hammawa tela, kuma duk mai cewa ba karama ba ce don ta ɗauki shekara bakwai, to bai san ciwon zuciya ba.

Hammawa shi ne ɗan farin Hajja Madina. Yana da shekara shida aka bar masa ƙanensa Sabitu a tsakar gida, ya juya korar akuya, yaron ya faɗa rijiya. Da aka ciro gawar, uwar ta haɗiye kukanta irin na Fulani, abin da ta ce kawai shi ne, "Wa ya bar rijiya a buɗe?" Hammawa ya ɗauka da shi take. Tun daga ranar harshensa ya sarƙe da in'ina, kuma ko alkunyar da take yi masa ta ƙin kiran sunan ɗan fari, sai ya lissafa ta a cikin horonsa. Ya girma yana ɗinki a kasuwar Wunti, abokai na tsokanarsa wai kafin ya gama amsa sallama mai sallamar ya kai gida, shi kuwa a ransa mai kisan kai ne da ba a kama ba.

A shekarar 1953 ya durƙusa gaban Modibbo yana neman rubutun in'ina. Bai ambaci rijiya ba, bai taɓa gaya wa kowa ba. Modibbo, Allah Ya jiƙansa, ya dube shi ya ce, "Ba rubutu kake bukata ba. Ruwan alwalata nake so daga rijiyar gidan nan, kullum da hantsi."

Hammawa ya ɗauki buta ya nufi rijiyar, amma ya kasa ƙarasawa. Wata uku yana zuwa yana tsayawa nesa, gumi na keto masa, Modibbo ya ce, "Na yau ya isa." Sai da shekara ta zagayo ya iya taɓa igiyar guga, a ta biyu ya ja ruwa ido rufe. Damina ta zo, rijiya ta cika, ya gudu ya yi wata biyu bai leƙo ba, da ya dawo kuma ba a tambaye shi dalili ba, buta kawai aka miƙa masa. A shekara ta biyar ya leƙa ciki, ya ga fuskarsa, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro.

A makon samun 'yancin kai, gari ya rikice da murna, telolin Wunti ba sa ɗaga kai don ɗinkin tutoci, sai Saudatu matar Hammawa ta haifi namiji. Hammawa ya ƙi ɗaukar jaririn, yana ganin duk yaron da aka sa a hannunsa ya halaka. Nan ne abin mamakin ya bayyana. Modibbo, wanda yana ƙasar Adamawa wajen karatu lokacin da Sabitu ya rasu, ya karɓi buta ya ce, "Je ka tambayi mahaifiyarka, a kan me ta shanya kuɓewa ran nan."

Da gudu ya tafi, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Da ƙyar ya harhaɗa tambayar, tsohuwa ta saki carbinta, ta zauna daɓas.

"A kan asabarin da muke rufe rijiya," ta ce. "Ni na ɗauke shi. Da na tambayi wa ya bar rijiya a buɗe, da kaina nake, ba da kowa ba. Shekara ashirin da biyar kana gudun idona, na zaci ka gan ni ne." Sai ta kama hannunsa, ta karya al'adar iyaye da kakanni, ta ce, "Hammawa. Ba ruwanka, Hammawa."

Ranar suna ya karɓi ɗansa da hannu biyu, ya ɗaga kai a gaban jama'a ya ce, "Sunansa Sabitu," harshe bai sarƙe ba ko kaɗan, zaure ya ɗauki kabbara. In'inar takan leƙo shi jifa-jifa har tsufansa, amma dariya yake yi mata. Da ya koma yi wa Modibbo godiya, sai Modibbo ya ce masa, "Allah ne mai warkarwa. Gobe ka zo da yaron, ka nuna masa yadda ake rufe rijiya."

Tsarki ya tabbata ga Wanda yake sanar da bayinSa abin da ke ɓoye a ƙiraza. Allah Ya haskaka kabarin Modibbo, Ya sa albarkarsa ta kai ga duk mai ɗauke da laifin da ba nasa ba.