Ranar da Zabuwa Kande Ta Haɗiye Ihunta

An yi wata Zabuwa mai suna Kande a gefen wata gonar dawa. Abu kaɗan ke tayar mata da hankali, ko ƙaya ta taka sai duk dajin ya ji. Maƙwabciyarta wata tsohuwar Bushiya ce, Iya Tabawa, wadda ba ta gaggawar magana. Can gindin suri kuma akwai Tunku, wanda ba shi da aiki sai kwaɗayin ƙwai.

Da damina ta faɗi, Kande ta saka ƙwai goma sha biyu a bayan wani kalgo. Ta iya ɓoyo, don Tunku ya yi kwana uku yana sunsune-sunsune bai gano wurin ba.

Wata safiya Jaki ya zo wucewa, ya taka gefen sheƙar, ƙwai ɗaya ya fashe. Bai ma sani ba, ya yi gaba abinsa.

Kande ta dawo daga kiwo ta gani. Sai ta ɗare kan kututture, ta buɗe maƙogwaro.

"Wayyo ni Kande! An kashe ni! Jama'a ku fito ku ga hassada!"

Iya Tabawa ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, sauko. Ɗaya ne ya fashe, sha ɗaya na nan lafiya."

"Ke me kika sani a kan ƙwai, mai jiki duk ƙaya? Wa ya sani ma ko ke kika soke shi!"

Ana cikin haka sai ga Tunku, ya marairaice fuska.

"Hajiya Kande, ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri. A ina ne aka yi wannan ɓarna?"

"Ga shi can bayan kalgo! Je ka gani da idonka!"

"Kai, wannan sawun Jaki ne," in ji Tunku. "Yanzu na gan shi ya nufi rafi. Da ni ne ke, ba zan ƙyale shi ba."

Kande ta zura da gudu. Ta tarar da Jaki yana shan ruwa, ta zage shi, ta zagi kunnuwansa, ta zagi kakansa, har rana ta take. Da ta gaji, Jaki ya ɗago kai ya ce, "Baiwar Allah, wai wane ƙwai?"

Ko da ta koma gida, ɓawo kawai ta tarar.

Kwana biyu Kande ba ta ci komai ba. A rana ta uku Iya Tabawa ta zo ta zauna kusa da ita.

"Nawa Jaki ya fasa?"

"Ɗaya."

"Sauran fa?"

"Tunku ne, azzalumi!"

"Wa ya nuna masa wurin?"

Yinin nan kakaf Kande tana ta juya abin a ranta. Ta tuna yadda ƙirjinta ya ɗau zafi, ƙafafunta suka kai ta kututture, bakinta ya riga kanta aiki. Ta tuna bara ma haka ta yi da shaho ya tsorata ta. Da yamma ta je ta ce, "Iya, ki yafe min zagin da na yi miki. Jaki ya ci min ɗaya, ni na ci wa kaina sha ɗaya."

Bayan wata guda ta sake saka ƙwai tara. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi, ya tafi da biyu.

Kande ta ji zafin nan ya taso. Ihu ya zo mata har wuya. Ta cusa bakinta cikin taɓo, ta tsaya haka har ƙirjinta ya huce. Sannan ta ɗago da fuska duk laka, ta tambayi kanta, "To, me ya rage?" Bakwai. Ta mirgina su ɗaya bayan ɗaya zuwa kan tudu. Iya Tabawa kuwa ta shige tsohuwar sheƙar ta dunƙule, wai ta ɗan huta.

Tunku ya yi ta kasa kunne bai ji ihu ba. Yunwa ta hana shi haƙuri, ya bi sawu har sheƙar, ya hango abu zagayayye cikin ciyawa.

"Kai, yau na samu babba!"

Ya kai cizo da dukan ƙarfinsa.

Ihun da aka ji ranar nan har rafi ba na Kande ba ne. Ita tana kan tudu kwance a kan ƙwanta, tana dariya ƙasa-ƙasa. Da lokaci ya yi, duka bakwai ɗin suka ƙyanƙyashe.

Darasin wannan labari shi ne, ba kullum muke da ikon hana asara zuwa ba, amma abin da muka yi bayan ta zo yana hannunmu. In abu ya ɓaci, ku tuna yadda kuka yi wancan karon da abin da ya jawo muku, ku bari zuciya ta huce, sannan ku duba abin da ya rage ku tsare shi.