Madugu Nomau da Gindin Naman Kaza

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa wata damina an kawo wata tsohuwa mai suna Tabawa gaban Sarkin Tsaunin Marke a ɗaure. Ita ke kawo wa fada naman kaza daga kurmi, ga jikar Sarki ta sha miyarsa tana kwance, rai a hannun Allah. Waziri ya ce a kashe tsohuwar kafin azahar.

Sarki ya sa aka zube ragowar naman kazan da ke cikin kwandonta, farare tas, duk kamarsu ɗaya. Ya ce, "Wa zai ware mini mai dafin?"

Sai wani tsohon falke, Madugu Nomau, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, bari in tona wa kaina asiri. Matata Lantana ba ta yanko naman kaza, tonowa take har gindi, da ƙasarsa. Ni kuwa shashasha ina yi mata dariya, wai ƙazanta ce. Wata safiya na ga wasu cikin ruɓaɓɓen ganye ƙarƙashin itatuwa, na yanko tsaf, na zuba cikin nata da ta riga ta gyara, ban faɗa mata ba. Ayarinmu ya tashi kafin miya ta nuna. Na dawo na tarar an yi mata sadakar bakwai."

Ya share hawaye. "Uwarta ce ta nuna mini bambancin daga baya. Wanda ake ci a jikin suri yake fitowa, jijiyarsa doguwa har gidan gara. Mai kisa kuwa a inuwar itace, gindinsa dunƙule cikin 'yar jaka. A duba gindi, ranka ya daɗe."

Aka duba. Dukansu suna da doguwar jijiya, sai guda biyar da aka yanke da wuƙa. Mai girkin fada ta fashe da kuka, ashe ita ta yanko su a bayan ganuwa ta ƙara a ciki don miya ta yi auki.

Aka kwance Tabawa, Allah kuma ya tashi kafaɗar yarinyar. Sarki ya hana sayar da naman kaza sai da gindinsa, ya yafa wa Nomau alkyabba. Masu ruwaya suka ce, in ka ga mai sana'a na wani abu, tambaye shi dalili kafin ka yi dariya.

Nomau ya dubi alkyabbar ya ce, "Na gode, amma ilimin na Lantana ne. Shekara ashirin tana tonowa a gabana, wallahi ban taɓa tambayarta ba."