Randa Mai Sanyin Kunci

Tun kafin zuwan Turawa, a wata unguwa ta bayan ganuwar Haɗeja, an yi wata mata mai suna Aisa. Gidansu masunta ne, babu wanda ya koya mata ginin tukwane. Da yumɓun fadama ta yi ta wasa tun tana yarinya har hannunta ya faɗa, ta kai ga zana kifi a jikin randa kamar zai motsa. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya jira idan yabo yana gaba.

Aisa ba ta da rowar sani. Ta tara matan unguwa ta koya musu, suna haƙo yumɓu tare, suna gashi a rami ɗaya. Doka ɗaya ta kafa musu. Kafin tukunya ta shiga wuta sai Aisa ta kara ta a kuncinta. In ta ji sanyi, da sauran danshi ke nan, kuma ɗanyar tukunya fashewa take yi ta haɗa da na kusa da ita. Ta sha mayar da 'Yar'azumi, ƙaramar cikinsu, gida da tulunta tana hawaye.

Wata shekara, gab da damina, aka ce fataken Borno suna hanya. Aisa ta gina randar da ba ta taɓa yin irinta ba, tana so a kai sunanta gabas. Ranar gashin ƙarshe ta kara randar a kunci, ta ji sanyi sarai. Ta duba hadari, ta duba kifayen da ta zana, ta ce a ranta, "Ai ɗan kaɗan ne." Ta sa ta a tsakiyar ramin, aka rufe da kara da kashin shanu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wuta ba ta daɗe da kamawa ba aka ji ƙara. Da ta huce aka tona, aikin rani guda ya koma tsingaro, har da tulun farko da 'Yar'azumi ta samu ya wuce gwaji. Mata suka fara kallon yarinyar, don ita aka saba kamawa.

"Wallahi Inna Aisa ta gwada nawa," in ji 'Yar'azumi.

Sai wata dattijuwa, Uwa, ta tsugunna ta ɗauko ɓallin da ya fi tarwatsewa. Rabin kifi ne a jikinsa. Ta miƙa wa Aisa, ta ce, "Kuncinki ne ya mutu, ko kuwa?"

Aisa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Na ji sanyin."

Ba wadda ta zage ta, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Bayan damina matan suka dawo ramin, amma da sharaɗi. Duk ranar gashi, Aisa takan shiga layi da randarta, kanta a sunkuye, ta miƙa wa 'Yar'azumi ta kara a kunci.

Darasi: dokar da ka kafa wa jama'a kai ta fara hawa. Wanda mutane suka amince wa, in ya yi gaggawa ba shi kaɗai yake asara ba. Yumɓu yana nan a fadama kowace shekara, amma amana in ta fashe tana daɗewa ba ta ginu ba.