Fararen Maɓallai a Bakin Jibo

A kakar shekarar 1988, babu dillalin hatsi a kasuwar Dandume da ake ji da shi kamar Jibo, kuma haƙorinsa ne ya ɗaukaka shi. A sana'ar masara, kafin a ɗinke buhu sai an ɗauki ƙwaya an ciza. Idan ta fashe da ƙara, ta bushe. Idan haƙori ya nutse cikinta, da sauran danshi, in aka adana ta kuwa ruɓewa za ta yi. Jibo bai taɓa kuskure ba, kuma ya san haka. Aibinsa shi ne bai iya furta "ba zan iya ba" a gaban mutane.

Da daminar shekarar babur ya kayar da shi a hanyar Funtuwa, haƙoransa na gaba suka goce. Ya tafi Kaduna wurin likitan haƙori. Likita ya ce za a manna wa kowane haƙori ƙaramin maɓalli, a ratsa su da siririyar waya, ta riƙa janyo su a hankali har su koma mazauninsu.

"Iri biyu ne, Malam Jibo. Na ƙarfe muni gare shi, amma yana jure wahala. Wannan fari sabon shigowa ne, kalar haƙori, sai dai ɗan'uwan tangaran ne. Ƙarfe lanƙwashewa yake yi, shi kuwa fashewa."

"Sa mini farin, likita."

"Ka ce sana'arka cizon masara ce."

"Don haka ne ma. In aka ga ƙarfe a bakina, wa zai sake yarda da haƙorina?"

Likita ya sa masa, ya gargaɗe shi kada ya ciji abu mai tauri har sai an cire. Jibo ya dawo gida, ya bar gashin baki ya sauko, ya koyi magana da leɓe a tsuke.

Da masara ta shigo kasuwa, Baba Enoch ya zo daga Gozaki. Dattijon manomi ne da tsutsa ta cinye masa gona a shekarar, ya zo sayen abincin da zai kai iyalinsa wata kakar. Ya zarce rumfar Jibo kai tsaye.

"Ɗana, ni haƙora sun yi mini sallama. Ciza mini wannan."

A gefe kuwa Kawu Mudi na zaune, abokin mahaifin Jibo, wanda a hannunsa ya koyi sana'ar. Da Jibo ya miƙa masa ƙwayar, da magana ta ƙare. Amma idanun 'yan kasuwa na kansa. Ya jefa ƙwayar a baki, ya juya ta da harshe, ya motsa muƙamuƙi kamar mai cizo, ya tofar can nesa.

"Ta bushe ƙayau, Baba. A ɗinke."

"Ni dai ban ji ƙara ba," in ji Kawu Mudi.

"Kunnen ne ya tsufa, Kawu."

Aka yi dariya, aka loda buhuna.

Kafin ƙarshen rani Baba Enoch ya dawo da buhu guda a bayan keke. Ya kwance shi a bakin rumfa. Masarar ta yi fumfuna, ta dunƙule, warinta ya sa mutane toshe hanci.

"Duk haka suke," ya ce a hankali. "Jibo, tsakaninka da Allah, ka ciji masarar nan?"

Ko a nan gaskiya za ta iya rage masa asara. Maimakon haka sai ya miƙe, ya ce ɗakin ajiyar Baba ne ke da danshi, haƙorinsa kuwa lafiya lau. Don ya nuna wa taron, ya damƙi busasshiyar masara daga tiya, ya watsa a baki, ya datsa da ƙarfi.

An ji ƙara, amma ba ta masara ba. Jibo ya dafe baki. Da ya buɗe tafin hannunsa, ga fararen gutsattsari cikin jini, ga waya ta ɓalle ta soki leɓensa. Kawu Mudi ya leƙa, ya girgiza kai.

"Ashe da kwanon tangaran kake yi mana awo."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Baba Enoch ya ɗaure buhunsa ya tura kekensa.

Likita ya tarar maɓallan sun ɓantare har da fuskar haƙora biyu, dole ya sa masa na ƙarfen da ya ƙi. Bakin ya warke. Amma daga ranar, duk wanda ya kawo masara rumfar Jibo, sai mai saye ya ɗebi ƙwaya ya tsallaka wurin Kawu Mudi ya ciza masa.

Ya kai mai karatu, lalura ba abin kunya ba ce, ɓoye ta a inda aka ba ka amana shi ne abin kunya. Wanda ya zaɓi abin da zai rufe idon mutane a kan abin da zai ɗauki nauyin aikinsa, ya sani cewa ranar gwaji tana tafe. Idan abu ya fi ƙarfinka, ka faɗa da bakinka, ka miƙa wa wanda zai iya, tun kafin abincin wani gida ya ruɓe saboda girman kanka.