Maɓallin Motar Dantong

Akwai wani mai gyaran wayarin mota a Dilimi, cikin Jos, ana kiransa Haladu Rewaya. Duk motar da ta ƙi tashi a unguwar, wurinsa ake turo ta. Hannunsa na da kyau, amma ba shi da aboki ko ɗaya.

Ba haka yake da ba. Shekara goma sha huɗu suna shago ɗaya da wani mai gyaran rediyo, Dantong. Haladu na ƙarƙashin mota, Dantong na kan benci da ƙarfen dalmarsa, suna hira suna tsokanar juna tun safe har yamma.

A lokacin rikicin 2001, matar Haladu, Maimunatu, ta kwanta ciwo. Hanyoyi a rufe, ba damar kai ta asibiti. A kwana na uku Allah ya karɓi abarsa.

Aka yi kwana uku, aka yi bakwai, Dantong bai zo ta'aziyya ba. Sai bayan mako uku ya bayyana a ƙofar shago, ya rame, da hular sanyi har kunne.

"Mutumina," in ji Dantong, "bari in faɗa maka abin da..."

"Yanzu ka ga dama?" Haladu ya katse shi. "Kayanka ga su can a kwali. Ɗauki ka tafi."

Dantong ya tsaya ya dube shi. Sannan ya sunkuya ya ɗauki kwalin ya fita.

Bayan wata biyu ya aiko da wasiƙa ta hannun wani direba. Haladu ya mayar da ita ba tare da ya buɗe ba. Da Sallah ya aiko da buhun dankali, shi ma aka mayar. Daga nan saƙo ya yanke.

Shekara shida suka wuce. 'Yar Haladu ɗaya tilo ta yi aure a Bauci. Gida ya zama daga shi sai katanga. Yakan sayi abinci a leda, ya ci a tsaye a shago, don ba ya son zama a tabarmar da ba kowa a ɗaya gefen. In an yi hira a masallaci bayan la'asar, shi ne na farkon ɗaukar takalmi. Mutane suka gaji da jansa da magana, suka ƙyale shi.

Wata safiya a watan Agusta na 2007, ana yayyafi, wata mata ta sauka daga acaɓa a bakin shagon. Sai da ta rufe lema ya gane ta. Ana ce, matar Dantong.

"Malam Haladu, ina kwana."

"Lafiya lau, Madam." Bai ajiye filayar da ke hannunsa ba.

"Abokinka ba lafiya. Wata takwas ke nan. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Yana ji, yana ganewa, yana karatu. Amma baki ba ya aiki."

Haladu ya ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Ana ba ta tafi ba. Ta ce kafin ciwon, Dantong ya haɗa wata 'yar kwamfuta da hannunsa, daga cikin wata tsohuwa da aka zubar. Ya dasa ta a cikin motarsa fijo, ya sa mata ƙaramin allo a dashbod, ya zuba waƙoƙi a ciki. Yanzu ba ya yarda ya zauna a ɗaki. Kullum sai a kai shi cikin motar ya wuni. Amma madannan kwamfutar ƙanana ne, hannun hagunsa kuma yana rawa, ba ya iya danna su.

"Kullum yana kama maɓallin rediyo, wannan na murɗawa, yana juya shi, yana kallona. Na gane so yake a haɗa maɓallin da kwamfutar. Na kira mutum uku, duk sun ce ba zai yiwu ba. Jiya na ambaci sunanka, sai ya riƙe hannuna da ƙarfi."

"Ni wayarin mota na sani. Ban san kwamfuta ba."

"Ni na sani. Shekara ashirin ina sakatariya a ofis. Kai ka kawo hannu, ni in kawo ido."

"Aiki ya yi mini yawa, Madam."

Ana ta dubi shagon. Mota ɗaya ce kacal a ciki. Ta rubuta kwatancen gidan a takarda, ta ajiye a kan tsohon bencin mijinta, ta buɗe lemarta ta tafi.

Kwana biyar takardar na nan. Haladu ya ɗora batir a kanta don kada ya riƙa ganinta, amma gefenta ya leƙo. Yana cewa a ransa, lokacin da nake cikin nawa, wa ya zo? Can kuma sai ya tuna mutumin da ba ya iya rufe baki na minti biyar, wai yau shi ne ba ya magana.

A rana ta shida ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Ya faɗa wa kansa cewa aikin ne ya ba shi sha'awa, ba mai aikin ba.

Gidan yana bayan Rayfield, ƙarami, da bishiyar zaiti a tsakar gida. A ƙarƙashinta fijon take, tayoyinta sun fara lotsawa. Dantong na zaune a kujerar gefen direba, don hannun hagunsa ya kai tsakiyar dashbod. An lulluɓe shi da bargo. Bakinsa ya karkace, gashinsa ya yi fari fat.

Suka haɗa ido. Haladu ya yi sauri ya kawar da kai.

"Sannu da jiki," ya ce, kamar yana gaida baƙo. Ya shiga kujerar direba ya fara kwance dashbod.

Ya tarar da aikin Dantong kamar yadda ya san shi. Kowace waya an naɗe ta tsaf, an manna mata 'yar takarda da suna. Amma maɓallin na tsohuwar rediyo ne, ba abin da ya haɗa shi da kwamfuta. Ya jona ta nan, shiru. Ya jona ta can, allon ya ɗauke. Ya wuni bai ci nasara ba, ya koma gida.

Washegari ma haka. Yana aiki, Dantong na gefensa yana kallon hannunsa. Mutum biyu a mota ɗaya, kowa shi kaɗai.

A rana ta uku Ana ta fito da maus, wato linzamin kwamfuta, ta jona don ta nuna masa yadda ake zaɓen waƙa. Ta murza 'yar tayar da ke bayansa, jerin sunaye ya riƙa hawa da sauka a allo.

Haladu ya ce, "Tsaya, Madam. Sake murzawa."

Ta sake.

"Ashe abin da muke nema yana hannunki."

Ya fasa maus ɗin. Ya ciro ɗan ƙarfen da tayar ke juyawa, mai ƙafa uku. Ya cire cikin tsohuwar rediyon ya bar fuskarta, ya dasa ɗan ƙarfen a bayan maɓallin, ya ja wayoyi uku ya liƙe da dalma. Ya sa madannin maus a ƙarshen sandar maɓallin, yadda in an tura maɓallin ciki zai danna.

Da aka gwada, in an murɗa dama sai jerin ya yi sama, in an murɗa hagu ya yi ƙasa. Haladu ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ya ji an taɓa gwiwarsa. Dantong ne. Ya ɗaga yatsu biyu masu rawa, ya gicciya su.

A musanya wayoyi biyu, ke nan.

"Na sani ai," in ji Haladu, alhali bai sani ba. Ya musanya. Jerin ya bi hannu daidai.

Dantong ya kama maɓallin ya murɗa a hankali, ya tura. Kiɗa ya cika motar. Ya lumshe ido, ya jingina kai.

Haladu ya fara tattara kayansa. Ana ta biyo shi bayan mota da tire a hannu.

"Malam, saura abu ɗaya. Tunda yana iya zaɓen waƙa, ai zai iya zaɓen magana. Ruwa, abinci, sanyi, irin haka. Sai a ɗauki murya a zuba a ciki. Na gwada masa tawa a kaset, ya ture. Ba ya son muryar mace ta yi magana a madadinsa."

"To nemi wani."

"Wa zan nema? Yaranmu suna Legas."

Haladu ya ce, "Madam, na yi abin da kika kira ni in yi. Kada ki manta, mutumin nan ko gaisuwar mutuwar matata bai zo ba."

Ana ta ajiye tiren da ke hannunta a kan but.

"Ya hana ni faɗa, amma yau ba shi da bakin hana ni. Ranar da labarin Maimunatu ya iso mana, na roƙe shi kada ya fita. Ya ce ba zai bar ka kai kaɗai ba. Bai yi nisa ba ya faɗa hannun wasu da suka tare hanya. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Ranar da aka sallame shi bai zo gida ba, shagonka ya wuce. Je ka dubi bayan kansa."

Haladu ya zagaya ta tagar mota. Dantong na jin waƙarsa, idonsa a rufe. Daga bayan kunne har tsakiyar kai, ga tabon ɗinki ya ratsa farin gashi.

"Duk ya rubuta a wasiƙar da ka mayar," in ji Ana. "Daga nan shi ma ya yi zuciya. Ya ce tunda ba ka son ji, kada kowa ya faɗa maka. Ku biyu kanku ɗaya ne, dutse."

Haladu ya zauna a kan wani bulo. Ruwa ya fara ɗiga daga ganyen zaiti a kafaɗarsa, bai motsa ba. Sannan ya ce, "Ina abin ɗaukar muryar?"

A falo aka yi. Ana ta riƙe makirfo, tana karanto jerin kalmomin da ta rubuta, shi yana maimaitawa. Ruwa. Abinci. Ina jin sanyi. Na gaji. Kira Ana. I. A'a. Mu je. Na gode.

Da suka gama ya ce, "Ƙara guda ɗaya. Amma ki juya baya."

Ta juya baya. Ya faɗa, ta adana, ta sa a ƙarshen jerin.

Suka koma mota. Haladu ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba. Dantong ya murɗa, ya tura.

"Ruwa," in ji motar, da muryar Haladu.

Dantong ya zabura. Ya dubi allon, ya dubi Haladu. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, wanda Ana ta ce wata takwas ba ta ji ba. Dariya ce.

Ya ci gaba da murɗawa yana gwada kowanne, har ya kai na ƙarshe. Ya tsaya ya karanta. Ya tura.

"Mutumina, ka yafe mini."

Haladu bai iya juyowa ba.

Dantong ya sake turawa. "Mutumina, ka yafe mini." Wannan karon ya saki maɓallin ya dafa ƙirjinsa, yana nuna kansa. Shi ma roƙo yake.

Nan Haladu ya kasa daurewa. Ya kifa kai a sitiyari, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar jana'iza. Da ya ɗago ya ce da bakinsa, "Ni ne mai laifi, Dantong. Na yafe maka, duniya da lahira. Kai fa, ka yafe?"

Hannun mai rawa ya koma kan maɓallin. Ya wuce, ya dawo, ya samu wurin.

"I."

Bai saki ba. Ya ƙara murɗawa sau biyu, ya tura.

"Mu je."

"Ina za mu?" in ji Haladu, yana share fuska da hannun riga.

Babu amsar wannan a jerin. Dantong ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya, ya nuna ƙofar gida da haɓa.

Haladu ya leƙa ta taga. "Madam, akwai famfon iska a gidan nan? Kuma kawo makulli. Ki shigo baya, oga ya ce mu je."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci kafin ka saurare shi. Minti ɗaya na sauraro da ya cece Haladu daga shekara shida na kaɗaici. Fushi ba ya hukunta wanda ka yi fushi da shi kamar yadda yake hukunta kai. In akwai wanda ka rufe wa ƙofa, neme shi tun yana da bakin yi maka bayani, kai ma kana da bakin neman gafara. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda wannan labari zai sa ya ɗaga waya yau.