Gawar Kawu Jatau a Ofishin Biza

Na dawo bayan shekara bakwai, na tarar an tashi tasha, wanzaminmu ya koma sayar da waya, Kawu Jatau kuma ya yi ritaya ya tare a ƙasar da aka koro ni. Shi ya ba ni labarin neman izinin zamansa ta waya.

Jami'in ofishin biza na can ya ce, "Baba, kawo takardar shaidar kana raye, ko ka koma ƙasarku."

"Ga ni gabanka, ɗana."

"Takarda muke dubawa, ba mutum ba."

Kawu ya kwanta ɗoɗar a ƙasa. "To, ga gawa a ofishinka. Kira masu wanka."

"Tashi mana, ai da ranka."

"Rubuta hakan, ka buga hatimi."

Ya rubuta, ya buga. Aka ba Kawu izinin zaman shekara biyar.

Ni kuwa na haɗa jakata, ina ta gwajin kwanciya.